Mayen Ƙarfe da Rabin Kalmar da Jaji Ya Saki

Akwai wani mutum mai suna Jaji a wani ƙauye da ake kira Tsamiyar Ma'u, cikin ƙasar Kusada, ba nisa da Kaikai. Sana'arsa niƙa. Injinsa ne kaɗai a ƙauyen, saboda haka duk tuwon da aka tuƙa da duk furar da aka dama sai sun bi ta hannunsa kafin su isa bakin mai ci.

Jaji ba mugu ba ne a idon jama'a. Yana da kyauta, yana da barkwanci, kuma Allah ya hore masa harshe. Idan ya zauna a majalisar gindin tsamiya bayan la'asar, shi ke buɗe hira, shi ke rufe ta. Abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa, wato a ce ya yi kuskure a gaban mutane. Sunansa ya fi masa injinsa, ya fi masa gonarsa.

Yana da 'ya mai suna Sumaiya, tana aji biyar a sakandaren je-ka-ka-dawo da ke ɗaukar yaran ƙauyukan yankin. Yana alfahari da ita ƙwarai, domin ita ce ta farko a zuriyarsu da ta kai wannan matsayi a karatu.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Jaji da gidan da Malam Abdulbaƙi yake haya shi da matarsa Rauda. Malam Abdulbaƙi mutumin Kankia ne, an turo shi makarantar ya koyar da darasin Fiziks. Makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, don haka yakan bi 'yan gwangwan ya sayi matattun rediyoyi da tsofaffin wayoyi, ya ciro abin da zai nuna wa ɗalibai da ido.

Wata ranar Laraba Sumaiya ta dawo daga makaranta, ta iske mahaifinta a zaure yana cin abinci. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta zazzage jakarta a kan tabarma.

"Baba, dubi abin da Malam ya koya mana yau. Mayen ƙarfe ne. A littafi maganaɗisu ake ce mashi."

Jaji ya yi dariya. "Yanzu mayen ƙarfe ne za a koya maki a makaranta? Tun ba a haifi uwarki ba muke fasa rediyo mu ciro shi, mu bi ƙasa da shi muna tsintar ƙusoshi."

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan magana da kyau. Jaji ya san mayen ƙarfe tun yana yaro, kuma ya san ba komai ba ne face wani ƙarfe mai jawo ƙarfe.

Sumaiya ta ce, "Amma ba ka san yana da kai biyu ba. Wannan arewa, wannan kudu. Riƙe ka gani."

Ta ba shi guda biyu. Da ya haɗa arewa da kudu, suka manne da ƙarfi har suka kusa datse masa yatsa. Da ta juya ɗaya, arewa ta fuskanci arewa, sai suka ƙi haɗuwa, kamar akwai wani hannu a tsakani yana ture su.

"Kuma Baba, in ka karya shi biyu ba ya zama rabi. Kowane ɓari sai ya zama cikakke, da arewarshi da kudunshi."

Daga nan ta ɗauko doguwar ƙusa, ta nannaɗe ta da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye bisa zagaye. Ta watsa allurai a kan tabarma. Ta taɓa su da ƙusar, ba abin da ya motsa. Sai ta haɗa bakin wayar biyu da batirin tocila, nan take allurai suka yi tsalle suka maƙale. Ta ɗage waya ɗaya, suka zube.

"Wutar batir ce, Baba. In tana gudu cikin waya, ƙusa ta zama mayen ƙarfe. In an tsinke ta, ƙusa ta koma ƙusa. Amma Malam ya ce allura ba haka take ba. Ita ƙarfenta mai tauri ne. In ka goga mata mayen ƙarfe, ko ka ɗauke shi, tana riƙe da abin da aka goga mata."

Jaji ya ce, "To madalla. Allah shi yi wa karatu albarka." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Bayan kamar mako biyu, da sassafe kafin masu kawo niƙa su fara zuwa, Malam Abdulbaƙi ya yi sallama a rumfar injin. Ya gaisa da Jaji cikin ladabi, sannan ya rage murya.

"Baban Sumaiya, wata magana na zo da ita, tsakanina da kai. Rauda ta ga baƙi-baƙi a rariya lokacin da take tankaɗe. Na gwada garin, na ga ɓarɓashin ƙarfe ne. Ina zaton dutsen injinka ya cinye, yana zuba cikin gari."

Dutsen inji shi ne faifan ƙarfen nan biyu masu haƙora da ke murƙushe hatsi. Na Jaji an wasa shi har ba a san adadi ba, kuma ya san da haka.

Malam ya miƙa masa wani zagayayyen mayen ƙarfe da ya ciro daga lasifika. "Ka ɗaure wannan a bakin da gari ke fitowa, zai kama mafi yawa. In hali ya yi, ka sake dutse. Ba wanda zai ji wannan magana daga bakina."

Da Jaji ya karɓa ya yi godiya, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma abin da ya shiga kunnensa shi ne, baƙo ɗan shekara talatin ya zo koya masa sana'arsa.

Da la'asar, Malam Abdulbaƙi na wucewa daga masallaci, Jaji ya ɗaga murya daga majalisa.

"Tica! Zo ka maimaita. Jama'a, ku ji, wai ƙarfe nike ciyar da ku. Shekara goma sha bakwai kuna cin tuwon injina, wa ya taɓa yin kashin ƙusa a cikinku?"

Majalisa ta fashe da dariya. Malam ya ce, "Baban Sumaiya, mu bar maganar. Ai mun gama ta da safe."

"A'a, ba mu gama ba. In gaskiya gare ka, gwada a gaban jama'a. In kuma boko ce ta hau maka kai, ka ce a yi maka rubutu ka sha."

Wani dattijo ya aika gidansa aka kawo kwanon garin dawa da aka niƙo a ranar. Malam ya so ya tafi, aka tare shi da raha. A ƙarshe ya ciro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu, ya sa shi cikin farar leda, ya juya shi cikin garin sau uku, ya ɗago. Ledar ta fito da baƙin gemu, siraran ɓarɓashi a tsaye cirko-cirko.

Can sai dattijon ya ce, "Ashe Jaji maƙeri ne ba mu sani ba."

Dariyar da aka yi a wannan karon ta fi ta farko, kuma ba Malam ake yi wa ba. Kafin mako ya zagayo, sunan Jaji Maƙeri ya bi gari, wasu matan kuma sun fara ba 'yan acaɓa hatsinsu a kai niƙa Kaikai.

Jaji ya jefa mayen ƙarfen da Malam ya bar masa a bayan rumfa. Kwana uku bai zauna majalisa ba. A rana ta huɗu ya zo, ya zauna shiru kamar mai alhini, har aka tambaye shi ko lafiya.

Ya ce, "Ni fa ba ni son yawan magana. Amma ku tambayi ɗiyanku mi mutumin nan ke zuwa da shi aji. Ɗiyata da bakinta ta ce mani da maye yake yawo cikin jaka."

A nan ya tsaya. Kalmar guda biyu ce, mayen ƙarfe. Ya saki ta farko, ya haɗiye ta biyu.

Wani magidanci mai suna Kabir, matashi mai saurin hannu da saurin fushi, ya matso. "Maye kuma, Baba Jaji?"

"Ni dai abin da na gani da idona nike faɗi. Mutum ya ba ƙusa rai, ya ɗauke ran, ya sake ba ta. Wanda ya iya haka da ƙusa, mi zai gagare shi? Wannan baƙin abu da ya fiddo cikin gari, wa ya san inda ya kirawo shi? Abin da ya fi tada mani hankali, shina koya wa yaranmu."

Wasu sun yi tsaki, domin su ma sun yi wasa da mayen ƙarfe suna yara. Amma magana ta shiga gidaje, kuma a cikin gidaje ba wanda ya ji rabin da aka haɗiye. Mata suka daina shiga wajen Rauda. Mai kanti ya fara ajiye wa Malam canji a kan tebur maimakon ya sa masa a hannu. Niƙa ya dawo wa Jaji, sunan Maƙeri ya mutu.

Sumaiya ta same shi a zaure tana hawaye. "Baba, ni mayen ƙarfe na ce. Kai ma ka riƙe shi da hannunka."

Ya daka mata tsawa. "Ke, rufe mani baki! Maganar manya ce."

A ransa yana cewa, wata ɗaya ko biyu za a manta.

Ba a manta ba. Damina ta yi tsakiya, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya shiga gari. Ya kama Haulatu, matar Kabir, ya yi mata mugun kamu. A rana ta uku ta fita hayyacinta, tana fizge-fizge, tana kiran, "Malam, Malam." Mahaifinta da ya rasu, Malam take ce masa, kowa ya sani. Amma a ranar ba wanda ya tuna.

Kabir ya riga ya kira mai mota zai kai ta asibitin Kankia. Da ya ji abin da take kira, ya sallami mai motar. Ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, kurwarta aka kama.

Al'adar da aka gada ita ce, wanda ake zargi da maita a sa shi ya tsallake marar lafiya sau uku, wai domin ya sako kurwar da ya kama. Da hantsi matasa suka fasa ƙofar Malam Abdulbaƙi, suka jawo shi waje, suka yaga masa riga. Rauda, da cikinta na wata biyar, ta riƙe hannunsa, wani ya bangaje ta ta faɗi a kan turmi.

Liman ya fito yana cewa, "Ku ji tsoron Allah! Wannan ba addini ba ne!" Hayaniya ta haɗiye muryarsa.

Aka ja shi zuwa gidan Kabir, aka shimfiɗe Haulatu a tsakar gida. Malam Abdulbaƙi, ba riga, jini na zuba daga girarsa, ya ce, "Zan tsallaka ko sau ɗari ne. Amma don girman Allah, in na gama ku kai ta asibiti. Zazzaɓi ne ya hau mata kai."

Ya tsallaka sau uku, ana yi masa ihu. Da ya ɗago, idonsa ya faɗa kan Jaji da ke tsaye a bakin ƙofa. Jaji ya san kalma ɗaya tak ake buƙata daga bakinsa, kalmar da ya haɗiye. Ya dubi taron, ya tuna dariyar gindin tsamiya, ya sunkuyar da kai.

Kabir ya ce a jira a ga ko kurwa za ta dawo. Aka jira kwana biyu. Haulatu ta rasu ranar Alhamis da azahar.

Kafin nan Malam Abdulbaƙi ya ɗauki matarsa sun koma Kankia, ko kayan ɗaki ba su tsaya kwashewa ba. Makaranta ta zauna ba malamin Fiziks. Jaji ya halarci jana'iza, ya yi ta'aziyya, ya koma ya tada injinsa. Amma daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Bayan mako uku, zazzaɓin ya sake shiga gidan Kabir. Wannan karon ƙanwarsa ce, Hadijatu, wadda benci ɗaya suke zama da Sumaiya tun suna aji ɗaya. Da jikin ya yi tsanani, ta fara sambatu, kuma sunan da ya zo bakinta shi ne na ƙawarta.

"Sumaiya. Sumaiya, jira ni."

Jaji yana cikin niƙa ya ga mata na janye kwanukansu ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe inji, sai ya ji hayaniya daga wajen gidansa. Da ya isa, ya iske an fito da akwatin Sumaiya an zazzage a ƙofar gida. Ga ƙusa nannaɗe da waya, ga batir, ga allurai. Kabir na riƙe da ƙusar da tsumma, kamar mai riƙe da kunama.

Jaji ya ce, "Kabir, kana hauka ne? Ɗiyata ce!"

"Mun san ɗiyarka ce, Baba Jaji. Ba kai ka ce shina koya wa yara ba? To ga wadda ta fi kowa iyawa. Ya tafi, ya bar mata."

Mai unguwa ne ya ceci yarinyar daga duka. Ya shigar da ita gidansa, ya tsaya a ƙofa, ya ce ba wanda zai taɓa ta sai gobe bayan la'asar, a gabansa da gaban Liman. Kabir ya ce sun yarda, amma gobe sai ta tsallaka, kuma yadda aka yi wa malaminta haka za a yi mata.

Jaji ya je ya riƙe ƙafar mai unguwa. Mai unguwa ya ce, "Ni iyakar ƙarfina ke nan, kwana ɗaya. Wutar nan ba ni na kunna ta ba."

Washegari da safe Jaji ya hau babur ya nufi Kankia. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan iyayen Malam Abdulbaƙi. Ya same shi a zaure yana gyaran wata fanka, ya rame, da tabo a gira.

Jaji ya yi sallama, ya kasa zama a tabarma, ya tsuguna a ƙasa. Ya tambayi jikin Rauda.

Malam ya ce, "Ta samu sauƙi. Cikin ne dai ya zube. Namiji ne."

Jaji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Da ƙyar ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce, "Malam, ba ni da bakin roƙonka. Amma yau bayan la'asar za su tuɓe ta a gaban gari."

Malam Abdulbaƙi ya ajiye sukuddireba. Mahaifiyarsa daga cikin gida ta ɗaga murya ta ce, "Abdu, ba inda za ka. Sun ci ɗaya, ba su ƙoshi ba?"

Ya tashi ya shiga wajenta. Jaji yana jin muryarsu ƙasa-ƙasa. Da ya fito, yana ɗauke da tsohuwar jakarsa.

Ya ce, "Ba don kai zan je ba, Baban Sumaiya. Ban kai wannan matsayi ba tukuna, sai dai Allah shi kai ni. Ni na sa mata ƙusar nan a hannu. Tashi mu tafi."

Bayan la'asar ƙofar gidan mai unguwa ta cika. Da aka ga wanda ya sauko daga bayan babur ɗin Jaji, wasu suka ja da baya, wasu suka fara tsintar duwatsu. Liman ya je ya kama hannunsa, ya zaunar da shi kusa da shi.

Malam ya ce, "Allah shi ba mai unguwa nasara. Sharaɗina ɗaya. Kafin in buɗe jakar nan, a sa Hadijatu a mota a kai ta asibiti. In ta warke, ba ku yi asarar komai ba. In kuma na yi ƙarya, ga ni a hannunku."

Kabir ya fara musu, amma mahaifiyarsa ta fito daga cikin mata ta ce, "An jira da Haulatu. Ni ba ni jira da tawa." Aka ɗauki yarinyar, mota ta tafi.

Sannan Malam ya buɗe jaka. Bai taɓa komai da hannunsa ba. Ya ce a aiko da sabuwar ƙusa daga wajen kafinta, da wayar jan ƙarfe da batir daga kanti, da allurai daga gidan mai unguwa. Ya ce Kabir ya matso.

"Kai za ka yi, ba ni ba. Nannaɗa wayar nan a jikin ƙusa. Ƙara. Iya yawan zagayen, iya ƙarfinta. To, haɗa bakin nan da gindin batir, wancan da kanshi."

Kabir ya nannaɗa wayar. Ya haɗa, ya kai ƙusar kusa da allurai, suka yi tsalle suka maƙale. Ya saki komai ya yi baya yana salati, allurai suka watse a ƙasa.

Malam ya ce, "To Kabir, kai ma maye ne?"

Liman ya karɓa ya yi, allurai suka hau. Mai unguwa ya yi. Wata tsohuwa ta ce a ba ta ita ma, ta yi, ta ce, "Iko sai Allah, ashe ni ma na iya."

Malam ya roƙi ladan ya kawo tsohuwar lasifikar masallaci da ta lalace. Aka kwance ta a gaban kowa. A cikinta ga zagayayyen mayen ƙarfe, ga siririyar waya a nannaɗe.

"Wuta na bi ta wayar nan, mayen ƙarfe na ja yana turewa, fatar lasifika na kaɗawa, murya ta fito. Kiran sallar da kuke ji sau biyar a rana ta cikin irin wannan yake fitowa. Yana cikin wayoyinku na hannu, yana cikin babur ɗin kowa. Allah ne ya halicce shi haka, har ƙasar da muke takawa tana da arewarta da kudunta. Abin da na koya wa Sumaiya ke nan. Ban koya mata komai ba bayan shi."

Mutane suka fara yar da duwatsu a ɓoye. Amma Kabir bai gamsu ba, domin idan babu maita, to akwai wata tambaya da ba ya son ya yi wa kansa.

Ya ce, "Mun ga ƙusa. Amma ba ƙusa kaɗai ba ce. Uban yarinyar ne ya ce mana ita da bakinta ta shaida da maye mutumin nan ke yawo. Uba zai yi wa ɗiyarshi ƙarya? In ta san maye ne kuma ta bi shi, ai ta karɓa."

Kai ya fara gyaɗawa a cikin taron. Duk ido ya koma kan Jaji. Malam Abdulbaƙi bai dube shi ba, yana ta tattara allurai daga ƙasa. Daga cikin zauren mai unguwa ana jin kukan Sumaiya.

Jaji ya miƙe. Mutumin da ke buɗe hira ya rufe ta, sai da ya buɗe baki sau biyu kafin murya ta fito.

"Mayen ƙarfe ta ce. Ni na yanke maganar. Na san mayen ƙarfe tun ina yaro, ta nuna mani a zaurena na riƙe da hannuna. Abin da Malam ya faɗa game da injina gaskiya ne, kuma a ɓoye ya fara faɗa mani. Kun yi mani dariya, na ji zafi, na rama. Ba maye ba ne. Ɗiyata ba mayya ba ce. Ni ne maƙaryaci."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Kabir ya tako har gabansa. Mutane suka ɗauka dukansa zai yi, amma hannuwansa a sake suke.

Ya ce, "Mota ta zo har ƙofar gidana, Baba Jaji. Na sallame ta."

Ya juya ya tafi, yana tafiya kamar wanda aka ɗora wa buhu.

Hadijatu ta yi kwana biyar a asibiti ta warke. Zazzaɓin cizon sauro ne. Mai unguwa da Liman sun roƙi Malam Abdulbaƙi ya dawo makaranta, ya ba su haƙuri. Ya ce ya yafe abin da aka yi masa, amma ba zai iya cewa Rauda ta sake bi ta ƙofar da ta faɗi ba.

An wanke Sumaiya a gaban gari, kuma kowa ya ji. Duk da haka, ranar da ta je rijiya, wata mata ta janye ɗanta ta rufe masa fuska da mayafi. A makaranta, kwanon da suke ci su huɗu ya koma ita da Hadijatu. Kafin kaka, Jaji da kansa ya ɗauki akwatinta ya kai ta gidan gwaggonta a Kankia, domin ta ƙarasa karatu inda ba a san labarin ba. Tun daga gida har suka isa ba ta ce masa uffan ba, sai da zai juyo ta ce, "Allah shi kiyaye hanya, Baba."

Jaji bai ƙara zama majalisa ba. Ya sake dutsen inji. Ya je bayan rumfa ya tono mayen ƙarfen da ya jefar, ya wanke tsatsar, ya ɗaure shi a bakin da gari ke fitowa. Masu kawo niƙa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kullum idan ya kashe inji, yakan kwance shi ya share ɗan baƙin da ya kama, ya daɗe yana kallonsa a tafin hannunsa. Ƙarfen yana sharuwa.

Darasi: Rabin gaskiya idan aka yanke ta da gangan ba ta zama rabi, cikakkiyar ƙarya take zama mai kai biyu, ɗaya ya sari wanda aka nufa, ɗaya ya juyo gidan mai yankan. Sunan mutum kuma ba ƙusa ba ne da za a tsinke waya ya saki, allura ne, abin da aka goga masa yana riƙewa ko bayan an nemi gafara. Wanda ya yi maka gyara a ɓoye masoyinka ne, kada girman kai ya sa ka mai da shi abokin gaba. Abin da ba mu gane ba mu tambayi masu iliminsa kafin mu kira shi maita, marar lafiya kuma mu gaggauta kai shi asibiti. 'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, don Allah kada wannan labari ya tsaya a wayarku. Ku tura shi ga iyaye da malamai da mazauna majalisa, wataƙila akwai wani a yau da rabin kalma ke kan harshensa bai sake ta ba tukuna.